Sifili a Layi na Sha Bakwai

A ofishin ƙididdiga, hawa na uku, akwai rana guda a shekara da ko gaisuwa ba a amsawa da kyau, don ba mai ɗaga kai daga tebur. Ita ce ranar rufe shafi. Kowace ƙasa tana tura alƙalumanta na shekara ta kwamfuta zuwa ga masu haɗa babban littafin duniya: mutum nawa aka haifa, nawa suka mutu, nawa ke da aikin yi, farashin abinci ya hau ko ya sauka. Ƙarfe goma sha biyun rana daidai suke rufe shafin, kuma ko kai ɗan wane ne, in ka makara sai baɗi.

Littafin nan kuwa ba don ado ake buga shi ba. Shi masu ba da tallafi ke buɗewa kafin su ce a kai motar asibiti nan, a kai firjin ajiyar jini can. Inda lamba ta yi muni, nan kaya ke sauka. Inda ta yi kyau, sai a tafa musu, a kwashe kayan a ƙara gaba.

Mai riƙe da teburin lafiya a ofishin, shekara ashirin da uku ke nan, ita ce matar da kowa ke kira Uwar Ɗigo. Ta samo sunan ne tun ranar da ta tsayar da bugun rahoto sukutum saboda ɗigo ɗaya da ya zauna inda ba wurinsa ba. Ba ta da yawan magana, dariyarta ma sai an yi sa'a, kullum fensir a soke a gefen ɗankwali. Gundumomin ƙasar talatin da huɗu duk ta haddace su da lamba. Ka ce mata "ashirin da biyu", nan take za ta faɗa maka yara nawa ƙyanda ta kama can bara waccan. Amma tambaye ta su wane ne ke zaune a ashirin da biyun, sai ta dube ka kamar ka yi mata baƙon yare.

Bana ofishin cike yake da murna. Matan da ke rasuwa wajen haihuwa sun ragu, raguwar da a lissafin Darakta za ta sa ƙasar ta tsallake ƙasashe huɗu a jerin littafin. Kusan rabin raguwar kuwa daga layi guda ta fito, layi na sha bakwai, wato gunduma ta sha bakwai. Bara mata sittin da ɗaya suka rasu a can, har aka kai musu motar asibiti da firjin jini. Bana, sifili. Darakta ya sa an rubuta masa jawabi, an gayyato baƙi da 'yan jarida ƙarfe biyu, tun safe ana ta jan kujeru a zauren taro na ƙasa, ƙarar tana hawowa har sama.

Ƙarfe tara da 'yan mintoci Direban ofis ya shigo rungume da wani ƙaton allo da ya ɗauko daga maɗaba'a. Taswirar ƙasar ce, an shafa wa kowace gunduma launi, an rubuta sunanta da adadin matan da suka rasu a cikinta bana. Dattijo ne mai sanyin hali, irin mutanen da sai sun yi sallama sau biyu kafin a lura sun shigo. Ya jingina allon da bango, amma bai fita ba.

"Malama, a gafarce ni. Ina da 'yar tambaya."

"Yi sauri, Malam, ka san ranar yau," in ji Uwar Ɗigo, idonta na kan kwamfuta.

"Wannan zagayen da aka yi a kan garinmu, mai kama da ƙwai, me yake nufi?"

Kafin ta buɗe baki, maƙwabciyarta ta tebur ta cafe. Ita ce mai zana taswira, ita ta shafa launukan da hannunta, kuma ba banza ake kiranta Rediyo ba.

"Au, garinku ne? Kai, ashe da zakara muke zaune ba mu sani ba! Sifili ke nan, Malam. Bana ko mace ɗaya ba ta rasu wajen haihuwa a gundumarku ba. Yau har a talabijin za a faɗa."

Direba ya daɗe yana kallon allon.

"Ko ɗaya," ya ce.

"Ko ɗaya!"

"To uwar yarana fa?"

Rediyo ta kai hannu ta toshe baki. Sai Uwar Ɗigo ta tuna. Wata bakwai da suka wuce mutumin nan ya ɗauki hutun mako biyu, ya dawo a rame, kowa ya yi masa ta'aziyya, har da ita. Ya ce matarsa ta rasu a gida, wajen haihuwa. Ta ce Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari, ta koma kan teburinta. Bai taɓa faɗo mata a rai ta tambayi ina ne gidan ba.

"Jini ne ya ɓalle mata," in ji Direba, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba faɗa a ciki. "Motar asibitin ta fita da wata, sai a bayan motar maƙwabci muka sa ta. A makon nan su uku aka binne, ni ganau ne ba jiyau ba. Shi ne na ce bari in tambaya, ko dai irin namu ba a ƙirga su ne?"

"Ana ƙirgawa," ta ce. "Je ka, Malam. Zan duba."

Babu abin da za ta duba, ta riga ta sani. Ita ta rubuta sifilin nan da hannunta, mako uku da suka wuce. A ranar duk layuka sun cika sai na sha bakwai, takardunsu ba su iso ba, Darakta na tsaye a kanta yana son ya sa hannu, ga maigidanta kwance a asibiti ana jiran ta. Dokar aikin a fili take: lambar da ba ta zo a takarda ba, ba ta shiga tebur. Ita ce ma ke karanta wa sababbin ma'aikata dokar. Amma ranar ta ɗauki waya ta kira magatakardan gundumar. Layin na ta yankewa, kamar mutumin na magana daga cikin rijiya. Ta ce, "Na matan da suka rasu wajen haihuwa fa?" Ya ce, "Babu." Ta ce, "Babu?" Ya ce, "Wallahi babu, Malama, ko ɗa..." sai layin ya mutu. Ita ta ƙarasa masa kalmar a ranta.

Ta yi shakka? Ta yi, kaɗan. Daga sittin da ɗaya zuwa sifili ba ƙaramin tsalle ba ne. Amma ga sabuwar mota, ga firjin jini, kuma a faɗi gaskiya, ta ji daɗi. Shekara ashirin da uku tana jera gawawwaki a layi, sau ɗaya aka miƙo mata labari mai daɗi, ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Ta ɗauki wayarta ta fita baranda. Kira na farko bai shiga ba. Na biyu, wata murya ta ce a sake gwadawa an jima. Ta kira sau goma sha ɗaya tana zagaye barandar, tana ɗaga wayar sama kamar mai shanya. Ƙarfe goma saura kwata magatakardan ya ɗauka.

"Malam, ranar da na kira ka na tambaye ka matan da suka rasu, me ka ce mini?"

"Na ce miki babu."

"Babu me?"

"Babu rajistar mana! Rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo da damina, littattafan suka jiƙe suka manne kamar bulo. Na ce miki babu, ko ɗan falle ɗaya ba mu tsira da shi ba. Ai na zaci kin gane."

Ta dafa ƙarfen barandar.

"To nawa ne suka rasu?"

"Allah kaɗai ya sani, Malama. Asibitocinmu tara ne. Babbar ungozoma ta nan kusa da ni tana da ɗan littafinta na kanta, bari in leƙa." Aka ji takun tafiya, aka ji ana buɗe ƙofa, wata mace na magana. Ya dawo. "Ta ce a wurinta kawai, goma sha ɗaya. Sauran takwas ɗin ban sani ba. Lafiya dai ko?"

Ta kashe wayar. Innalillahi! Kalma guda, harafi huɗu, wadda ko ɗan yaye ya san ta. Shi yana cewa babu takarda, ita tana jin babu gawa.

Tana juyowa ta ga Rediyo tsaye a bakin ƙofar baranda, ta jawo ƙofar ta rufe a bayanta. Duk surutun nan nata ya koma raɗa.

"Yaya, na ji komai. Ki saurare ni, don Allah. Wa ya sani? Ni da ke. Direba ba zai kai ƙarar kowa ba, mutumin da ko hon ba ya son dannawa. Ki bar shi ya wuce. Baɗi a gyara a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, wa ke karanta ƙananan haruffa?"

"Kafin baɗi an kwashe motar."

"Wa ya ce?"

"Ƙa'idar ce. Gundumar da ta sauka ƙasa da goma, an yaye ta, a kai kayan wata. Ina cikin waɗanda suka zauna aka rubuta ta."

"To ki sa sha ɗayan nan da ya faɗa miki! Ai ya haura goma."

"Na asibiti ɗaya cikin tara? Kuma ta waya? In wanke ƙarya da ƙarya ke nan."

Rediyo ta kama hannunta ta matse. "Yaya, baki shi ke yanka wuya. Ki tuna da mai jinya a gida."

Ta tuna, ai ba ta taɓa mantawa ba. Shekara uku ke nan ɓarin jikin maigidanta na hagu ya shanye. Ita ke juya shi da asuba kafin ta fito, autarta ta karɓe ta in ta dawo daga makaranta. Gidan kaf a kan aikin nan nata yake tsaye. Ta zare hannunta a hankali ta nufi ofishin Darakta.

Ta same shi tsaye gaban taga da takardu a hannu, yana gwada jawabi, yana ɗaga yatsa a inda yake so a tafa. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, ba mugu ba ne, amma yana son yabo kamar yadda ƙuda ke son zuma.

"A'a, Uwar Ɗigo da kanta! Zo ki ji wannan wurin, har da sunanki na sa."

"Ranka ya daɗe, sifilin sha bakwai ba daidai ba ne."

Ta faɗa masa komai a tsaye, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Fara'ar ta riƙa zagwanyewa daga fuskarsa har ta ƙare. Ya zauna. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dubi agogon bango. Goma da minti ashirin.

"Kin san da bakina na gaya wa Minista? Jiya. Har ya dafa kafaɗata."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Malama. Me kike so a sa a wurin?"

"Ɗigo biyu."

Duk mai aikin ƙididdiga ya san alamar. In an ƙirga ba a samu kowa ba, sifili ake sawa. In ba a samu ƙirgawa ba sam, sai a sa ɗigo biyu a jere, ma'ana ba a samu bayani ba. A ido bambancin bai kai ƙwayar gero biyu ba. Amma da zarar ɗigo biyun nan sun shiga, masu littafin za su ɗauki lissafin ƙasar a matsayin wanda bai cika ba, su mayar da ita kan lambar bara. Ba tsallake ƙasashe huɗu, ba jawabi, ba tafi. Motar asibiti da firjin kuma su zauna inda suke.

Darakta ya murza goshi. Sannan ya jawo aljihun tebur, ya zaro farar takarda, ya ajiye ta a gabanta, ya ɗora biro a kai.

"Ni ba zan hana ki ba. Allah na gani, ba zan ce ki bar ƙarya a littafin duniya ba. Amma kin san tsarin. Lambar da na riga na sa wa hannu ba ta canzuwa sai da kalmar sirrina, kalmar sirrina kuma ba ta fita sai da dalili a rubuce, da sunan wanda ya jawo. Lamba ta waya, ba takarda. Kin san hukuncinta."

Ta sani. Dakatarwa nan take, kwamitin bincike, daga nan sai ƙofa. Ta ga an yi wa mai teburin farashi haka shekara shida da suka wuce, a kan abin da bai kai wannan ba.

"Wata goma sha huɗu suka rage miki ki yi ritaya da mutuncinki," in ji Darakta. "In kin fita ɗakin nan ba ki ɗauki takardar nan ba, ni ban ji komai ba, ke ba ki faɗi komai ba." Ya sassauta murya. "Yaya jikin maigidan?"

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta ce, "Da sauƙi." Sannan ta ɗauki takardar, ba don ta yanke shawara ba, sai don hannunta ya rasa abin yi.

Ta koma teburinta ta zauna, takardar a gabanta fara fat. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Ta ga kanta tana shiga gida da rana tsaka, maigidan ya juyo da ido ɗaya mai motsi yana tambayar lafiya. Ta ga ma'aikatan da ta horar suna raɗa a matakala: Uwar Ɗigo fa, wai ta waya ta karɓi lamba. Wata zuciyar ta ce mata, ke kika yi yoyon rufin? Ke kika yanke layin waya? Ke kika hana su aiko takarda? Duk gaskiya ne. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ba wanda ya danna sifilin nan sai yatsanta.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta buga, ba ta rubuta ko harafi ba. Rediyo na satar kallonta, ta ƙi yin ko tari. Daga ƙasa aka fara gwada lasifika, wani na ta hura iska a ciki yana cewa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu.

Ta tashi ta leƙa taga. Can a farfajiya Direba na sauke katan-katan na ruwan baƙi daga bayan mota. Yana ɗaukowa, yana kaiwa zaure, yana dawowa, bai ɗaga kai ya dubi sama ba ko sau ɗaya. Da ƙarfe biyu zai tsaya a bayan zauren nan kamar yadda direbobi ke tsayawa, ya ji an ce a garinsu ba wadda ta mutu, ya ji an tafa. Daga baya kuma a zo a tafi da motar, wata ta ɓalle da jini, a nemi bayan motar maƙwabci.

Ta dawo ta zauna ta rubuta. Layi biyar. Sha ɗaya da minti ashirin da biyar ta ajiye takardar a gaban Darakta.

Ya karanta a fili, a hankali. "An samu kuskure a layi na sha bakwai. An shigar da lamba bisa bayanin da aka samu ta waya. Ana roƙon a gyara." Ya ɗago. "An? Wane ne An? A wane tebur yake zama? Shekarata talatin a aikin gwamnati, duk ɓarnar da aka yi Malam An ne ya yi ta, har yau ba a kama shi ba. In na karɓi wannan, gobe kwamiti zai ce An ɗin ni ne."

Kunya ta rufe ta. Wallahi ba ta lura ba. Hannunta ne ya bi hanyar da ya saba, hanyar takardun ofis, inda abu ke faruwa ba mai yin sa. Ashe har a cikin tubanta ta bar wa kanta ƙofar gudu.

"Ba ni wata takardar."

"Malama, kin ga agogo kuwa? Wataƙila Allah ne ke rufa miki asiri. Ki bari sha biyu ta yi, kowa ya huta."

"Ba ni wata takardar, ranka ya daɗe."

Ya ba ta. Ba ta koma teburinta ba, nan ta duƙa a gefen nasa ta rubuta. Ni na kira. Ni na ji "babu" ban tambayi babu me ba. Ni na shigar da sifili ba tare da takarda ba, ina sane da doka. Ta sa sunanta cikakke, da lambar aikinta, da kwanan wata, ta rattaba hannu.

Darakta ya karanta sau biyu. Ya dube ta wani irin kallo, rabi haushi rabi wani abu daban. Ya tashi, ta bi shi. Sha biyu saura kwata suka shigo babban ɗakin, duk ma'aikata suka ɗago kai lokaci guda.

Ya zauna a kujerarta. Da yatsa biyu yake danna kwamfuta, kamar kaza na tsattsagar hatsi. Ya buga kalmar sirrin, kwamfutar ta yi ja ta ce ba daidai ba. Ya ja tsaki ya sake, ta sake yin ja.

"Ranka ya daɗe," in ji Rediyo da ƙaramar murya, "in ta kai uku kullewa take yi, sai bayan awa guda."

"Na sani! Ni yaro ne?"

Uwar Ɗigo ta dube shi, ta kasa gane ko da gangan yake yi ko hannunsa ne ke kuskure. Wataƙila shi ma bai sani ba. Idonta ya sauka kan madannan, ta ga ɗan koren haske a gefe.

"Manyan haruffa a kunne suke," ta ce. Ta miƙa hannu ta kashe.

Ya ɗan jima yatsunsa na rataye a sama. Sannan ya buga, harafi bayan harafi, yana motsa leɓe. Shafin ya buɗe. Sha biyu saura minti tara.

Ya tashi ya ba ta kujerar. Ta gangara layi na sha bakwai, ta goge sifilin, ta sa ɗigo biyu, ta danna turawa. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa a tsakiyar allon. Ya juya, ya juya. Wani a bayanta ya fara salati a hankali. Saura minti shida. Rediyo ta ce kowa ya kashe intanet ɗin wayarsa, kamar hakan zai taimaka, kuma kowa ya kashe. Saura huɗu. Zoben ya tsaya cak, sai ga rubutu ya fito: an karɓa.

Darakta ya ninke takardarta ya sa a aljihu, ya ce a juya allon taswirar ya fuskanci bango, a kira baƙi a ba su haƙuri. Ya shige ofishinsa ya rufe ƙofa, aka ji shi yana cewa a haɗa shi da ofishin Minista.

Ƙarfe ɗaya da kwata takardar dakatarwa ta iso teburinta a cikin ambulan. Ofishin da takardar hutu ke yin wata biyu ba ta fito ba, yau ga shi sun nuna ashe sun iya sauri. Ta miƙa makullin durowa da katin shiga. Kayanta duka ba su cika jaka guda ba: kofi, tabarau na biyu, maganin ciwon kai, da wata tsohuwar na'urar lissafi da lambobinta suka goge. Rediyo na kuka wiwi tana cewa ita ta jawo da shegen bakinta. Uwar Ɗigo ta ce mata ta yi shiru, ba ita ba ce.

Ta sauko matakala a hankali, tana tunanin da wace kalma za ta fara in ta shiga gida. A ƙasa ana mayar da kujerun da aka jera. Direba na tsaye a gindin matakalar da katan ɗin ruwa a kafaɗa, zai mayar mota. Ya ga jakar hannunta, ya ga ambulan ɗin. Ya sauke katan ɗin ƙasa.

"Malama, ni fa tambaya kawai na yi. Wallahi ban yi nufin..."

"Na sani, Malam. Laifina ne, ba naka ba. An cire ƙwan nan. Motar asibitinku za ta zauna, da firjin."

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya cire hularsa yana murza ta. "To yanzu an sa ta a ciki ke nan? Uwar yaran?"

Ta so ta ce e. Kalma ce ƙarama, ba wanda zai kama ta, kuma ba ta da sauran aikin da za ta rasa.

"A'a. Ɗigo biyu na sa."

"Me suke nufi?"

"Suna nufin ba a sani ba."

Direba ya dube ta, ya dubi ambulan ɗin da ke hannunta, kamar yana auna abin da ta biya da abin da ta samo. Ya mayar da hularsa, ya sunkuya ya ɗauki katan ɗin ya saɓa.

"Ni na sani," ya ce.